Neman Taswirar Zurfin Ruwa a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Daga Gwangwalar Masunci zuwa Takardar Injiniya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da masunta ya san cewa idan baƙon masunci ya sauka a bakin ruwan da bai saba da shi ba, abin da zai fara tambaya shi ne ina ne zurfi, ina ne tudu. Dalili kuwa shi ne kifi ba ya bazuwa cikin ruwa daidai wa daida. Giwan ruwa da ragon ruwa sun fi son gurbi mai zurfi, gargaza tana haƙa gidan ƙwanta a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, tarwaɗa kuwa ba ta ƙin taɓo, gaiwa ma har takan shige cikin laka ta kwanta idan ruwa ya ƙafe. Wanda bai san yadda ƙasan ruwa take ba, ko dai ya wuni bai kama kome ba, ko ya bar tarunsa a jikin kututturen da bai gani ba, ko kuma abin ya kai ga rai.

Wannan takarda za ta bi tarihin sanin zurfin ruwa a ƙasar Boɗinga da Shagari, watau yankin da hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega ta ratsa. Za a duba yadda aka riƙe wannan sani kafin zuwan Turawa, da irin awon da aka yi a zamanin mulkin mallaka da bayansa, da kuma abin da ya faru sa'ad da aka fara tare koguna. Abin da takardar take son tabbatarwa guda ɗaya ne. Ƙasan tafkin da aka tare ba wani abu ba ne illa tsohuwar ƙasar da ruwa ya cinye, da gonakinta da hanyoyinta da itatuwanta. Saboda haka neman taswirar zurfinsa aiki ne na masu tarihi kamar yadda yake aikin injiniyoyi, kuma aiki ne mai wa'adi, domin waɗanda suka taka ƙasar nan da ƙafarsu suna ta raguwa.

2.0 Ƙasar da Ruwanta

Sunan Boɗinga sananne ne ga duk mai nazarin jihadi. A Sifawa, wadda take cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen shekarar 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta kafin ya tare a Gwandu. Shagari tana kudu da nan, maƙwabciyar Yabo, kuma ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Mutanen waɗannan garuruwa manoma ne da makiyaya da malamai da 'yan kasuwa. Babbar sana'ar su tana yamma da su, a kwarin gulbin da ya haɗa ruwan Rima da na Sakkwato ya gangara Argungu da Birnin Kabi.

Ruwan wannan yanki ruwa ne mai zuwa da tafiya. Damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan rani ya biyo baya da hunturu da bazara, rana da iska su kwashe abin da ya kai kimanin mita biyu daga saman duk ruwan da yake kwance a fili cikin shekara. Rafukan da suke cika har su yi ambaliya a watan Agusta, kafin watan Maris sun zama rairayi, sai gurabe nan da can. Tafkunan fadama su ma haka suke, su kumbura su tsuke. Wannan hali yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: kowace shekara ƙasan ruwa takan fito fili, mutane su gan ta da ido, su noma ta, su kora shanu a kanta. Yaron da ya yi kiwo a cikin rafi da rani, ya san inda rami yake idan ruwa ya dawo. Ke nan a nan sanin zurfin ruwa bai zama wani ilmi na daban ba, yana cikin sanin ƙasa da kowa yake da shi.

3.0 Taswirar da Take Cikin Ka

A inda ruwa ba ya ƙafewa kuwa, kamar manyan guraben gulbin Kabi, sanin zurfi ya zama gado, yana hannun gidajen sarkanci. Kabawa da Sarkawa, waɗanda asalinsu yake komawa ga masuntan Kwara na daular Sanwai, su ne suka shahara da wannan. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu a kan masuntan Kabi a 1942, haka nan Jean Rouch ya yi nasa a kan Sarkawa a 1950, kuma abin da ake gani a irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne ruwa yana da masu shi. Kowane gurbi yana da suna, yana da wanda yake kula da shi, yana da lokacin da ake buɗe shi da lokacin da ake rufe shi. Sarkin Ruwa da Homa a Argungu ba sarautun ado ba ne. Al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, ban da abin da yake cikinsu na tsohon imani, hanya ce ta hana kowa ya faɗa wa gurbi kafin kifinsa ya ƙosa. Daga wannan tsari ne bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo tushe, wanda aka ɗaukaka shi a 1934 domin tarbar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu.

Kayan awon masunci jikinsa ne da abin da yake hannunsa. Ruwa yakan zama iya gwiwa, ko iya ƙugu, ko iya wuya, ko ya shanye mutum. Idan ya wuce nan sai gwangwalar tuƙi, idan ita ma ta nutse sai igiya da dutse, a ƙidaya gaba nawa ta ci, kamar yadda ake auna rijiya. Gwangwala ba zurfi kaɗai take faɗa ba. Mai riƙe da ita yana jin ko ƙasan rairayi ce, ko laka, ko tsakuwa, ko fa, kuma kowace irin ƙasa da kifin da yake sonta. Mai shiga ruwa da gora da homa, shi da ƙafarsa da ƙirjinsa yake karanta wurin. Daga nan ne ake sanin inda za a ja taru ba tare da ya sarƙe ba, da inda za a shimfiɗa kalli ko mamari, da inda za a kafa gura da undurutu.

Wannan taswira tana da kyau biyu da aibi biyu. Kyanta na farko, kullum sabuwa ce, domin duk shekarar da ambaliya ta kawar da tudun rairayi ko ta haƙa sabon rami, masu ruwa sun sani kafin kaka. Na biyu, tana haɗe da hukunci: wanda ya san gurbi shi ne mai ikon hana shigarsa. Aibinta kuwa, ba ta wuce ruwan da aka gada, sa'an nan ba a bayar da ita ga bare, domin sirrin gurbi shi ne abincin gida. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, amma maganar tana da amfani ne kawai idan garin yana da 'ya'yan da suka girma a cikinsa. Za mu ga abin da yake faruwa idan aka wayi gari da ruwan da babu wanda ya gada.

4.0 Awon Baƙi da Abin da Suke Nema

Masu mulkin Sakkwato ba su jahilci labarin ƙasa ba. Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, da bayanin ƙasashen Tukururu da al'ummominsu. Da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da wata taswira daga fadar Sarkin Musulmi Bello mai nuna Kwara da garuruwan da suke kewaye, aka buga ta a littafin tafiyarsu a 1826. Wannan taswira tana nuna inda ruwa ya bi da wanda yake mulkin bakinsa. Zurfinsa bai shiga ciki ba, domin wannan ba matsalar sarki ba ce, matsalar mai jirgin fito ce, shi kuwa ya riga ya sani.

Waɗanda suka fara rubuta zurfin kogunanmu da lambobi su ne masu jiragen tururi. A 1854 William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad. A 1857 jirginsa na biyu, Dayspring, ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba, kuma wani hafsan ruwa da yake tare da shi, John Glover, ya ci gaba da safiyon kogin. Bukatarsu a fili take, su san inda jirgin ciniki zai wuce bai daki ƙasa ba. Bayan cin Sakkwato a 1903, awon da ya biyo baya na iyaka ne da haraji. Ayarin Tilho na Faransa, tsakanin 1906 da 1909, ya yi aikin shata iyaka daga Kwara zuwa Tafkin Cadi, ya kuma auna tafkin. Har zuwa rahoton da kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya fitar a 1959 a kan Kwara da Binuwai, abin da ake nema bai sake ba: hanyar jirgin dakon gyaɗa da auduga.

Ba wai ilmin auna ƙananan tafkuna ne babu a lokacin ba. Tsakanin 1897 da 1909 Sir John Murray da abokan aikinsa sun auna tafkuna 562 a ƙasar Sukotlan, da kwalekwale da waya da darma, suka jefa darma wajen sau 60,000. Kayan aikinsu bai fi igiya da dutsen Basarke nisa ba. Bambancin shi ne sun rubuta kowane awo a kan takarda, sun buga, har yau mai kamun kifi a can yana iya ɗauka ya duba. A nan kuwa ba a ga dalilin kashe irin wannan kuɗi a kan ruwan da jirgin tururi ba ya shiga ba.

Abin da zamanin Turawa da farkon mulkin kai suka bari mai amfani ga batunmu shi ne awon tudu. Daga shekarun 1950 aka riƙa ɗaukar hotunan ƙasa daga jirgin sama, aka zana taswirori masu ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000, masu layukan da suke haɗa wuraren da tsayinsu yake daidai. Haka nan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato, rahotonsa ya fito a 1969. Masu wannan aiki ba su yi shi domin masunta ba. Amma duk kwarin da aka auna a lokacin, daga baya kuma aka tare shi, to, an auna ƙasan tafki ke nan tun kafin a haifi tafkin.

5.0 Zamanin Madatsun Ruwa

A 1968 aka rufe Kwara a Kainji. Tafkin da ya samu ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, ya tashi mutane fiye da 40,000, ya binne tsohuwar Busa tare da duwatsun da Mungo Park ya halaka a kansu a 1806. A nan an auna wannan babban ruwa da kifi a zuciya, domin a wannan shekara aka kafa aikin binciken Tafkin Kainji da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa. Binciken ya nuna abubuwan da masuncin gulbi bai saba da su ba. Da zafi ruwan sama yakan yi ɗumi ya ƙi gauraya da na ƙasa, har iskar shaƙa ta ƙare a can ƙasa, kifi ya gudu ya hau sama. Ke nan wuri mafi zurfi ba kullum ne yake wuri mafi kifi ba. Sa'an nan itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, su ne maɓoyar kifi, su ne kuma makabartar taru.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙara wa gwamnati ƙaimi. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a 1976 aka raba ƙasar duka ga irin waɗannan hukumomi guda 11. Madatsar Bakalori, kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta tsakanin 1974 da 1978, tana ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 450. Rikicin diyyar gonaki da ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980 sananne ne. Madatsar Goronyo a kan Rima an gama ta a 1984, aka ƙaddamar a 1992, tana ɗaukar cubic mita miliyan 942. Binciken W. M. Adams da aka buga a 1985 ya nuna yadda Bakalori ta rage ambaliyar da fadamun ƙasa da ita suka dogara da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Watau madatsa ta ɓata tsohuwar taswira a ƙasa da ita, domin guraben da aka sani sun daina cika yadda aka saba, ta kuma buɗe sabon ruwa a sama da ita wanda ba shi da taswira a kan kowa.

Madatsar Shagari, wadda aka yi da ƙasa a kan rafin Gawon Gulbi ƙarƙashin wannan hukuma, ƙarama ce ƙwarai idan an gwada ta da waɗancan biyu, an kuwa yi ta ne domin noman rani da ruwan sha. Amma ga ƙauyukan da suke bakinta, canjin da ta kawo bai gaza na manyan ba. Rafin da yake janyewa da rani ya zama ruwa mai kwana shekara. Ƙasan da a da take fitowa a gan ta, ta daina fitowa sai gefe-gefe. Manomi ya sayi birgi ya zama masunci na rabin lokaci, baƙin masunta suka zo da nasu kaya, kwalekwale ya zama abin hawan yau da kullum ga mutanen da kakanninsu da jaki suka saba.

Abin da yake cikin wannan ya fi asarar taru. A watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu mata da yara. A watan Mayu na 2023 wani ya kife da 'yan Dandeji, yara 15 suka rasu. A duka biyun, itacen girki suka tafi nema a ƙetaren ruwa. Allah ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da kima da tsufan jirage da rashin rigar ruwa, kuma babu takardar da za ta hana jirgin da aka cika shi ya kife. Duk da haka, wanda zai zaɓi mashigin fito, da wanda zai kafa alama a kan kututture, da wanda zai shiga neman waɗanda suka nutse, dukansu suna bukatar su san inda tsohon bakin rafi ya yanke ya faɗa rami.

6.0 Ina Za a Nemo Taswirar?

Daga tarihin nan za a ga cewa taswirar ƙasan tafki irin na Shagari tana warwatse a wurare huɗu, kuma babu ɗaya daga ciki da ya isa shi kaɗai.

Na farko, takardun ginin madatsa. Ba a gina madatsa sai an auna kwarin da za ta cika, domin daga nan ne injiniya yake lissafa yawan ruwan da za ta riƙe a kowane tsayi, daga nan ne kuma ake lissafin gonakin da za a biya diyya. Irin wannan awo ya fi na taswirar gama-gari ƙanƙanta da kyau. Taswirorin 1:50,000 galibi tazarar ƙafa 50 ce tsakanin layi da layi, ƙaramin tafki kuwa yana iya shigewa gaba ɗaya tsakanin layi biyu. Idan aka sami zanen injiniya, lissafin mai sauƙi ne: a ɗebe tsayin ƙasa daga tsayin da ruwa ya kai a sandar awo ta jikin madatsa, abin da ya rage shi ne zurfi. Irin waɗannan takardu a ofisoshin hukumomin koguna da na safiyo da na kamfanonin da suka yi aiki ake ajiye su, tsofaffin rahotannin gundumomi kuwa suna gidan adana takardun tarihi na Kaduna da na Waziri Junaidu a Sakkwato. Aibinsu shi ne suna nuna ƙasa kamar yadda take ranar da aka rufe ruwa. Kowace damina rafi yana kawo rairayi da laka ya zube a bakin tafki, zurfi yana raguwa, musamman a ƙasa irin tamu da aka sare itatuwanta.

Na biyu, bakin ruwan kansa. Ruwan da yake kwance a daidaice yake, saboda haka gaɓarsa a kowace rana layi ne na wuraren da tsayinsu yake ɗaya. Yayin da yake janyewa daga Oktoba zuwa Mayu, yana zana layi bayan layi. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, an kuma buɗe hotunansu kyauta tun 2008, na Sentinel-2 suka biyo baya daga 2015. Idan aka jera hotunan watanni dabam-dabam aka haɗa da abin da sandar awo ta nuna a ranakun, za a sami taswirar duk sashen da yake bushewa da rani. Wannan sashe kuwa shi ne inda gargaza take haihuwa, shi ne kuma inda ake rikici tsakanin mai kalli da mai noman rani da mai shayar da shanu.

Na uku, sabon awo a kan ruwa. Na'urar amsa-kuwwa, wadda aka fara ƙirƙiro ta bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, tana aika sauti ƙasa ta jira dawowarsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. Idan ya dawo cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, ya yi tafiyar mita 15 zuwa da dawowa, zurfin wurin mita bakwai da rabi ke nan. Wannan na'ura da a da sai babban jirgi, yanzu ta koma abin da ake ɗaurawa a gefen kwalekwale, a haɗa ta da na'urar GPS mai nuna wuri. Inda ma babu ita, igiya mai ƙulli da darma ta isa ƙaramin tafki, muddin an bi layi a tsare, an kuma rubuta tsayin ruwa na ranar, domin awon da ba a haɗa shi da ranarsa ba, ba shi da amfani bayan wata biyu.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mahalarta wannan taro, shi ne tsofaffin da suka noma ƙasar. Na'ura tana faɗin mita nawa, amma ba ta san cewa a nan akwai tsohuwar rijiya ba, ko kututturen giginya, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko hanyar shanu mai tauri da za ta yi daɗin jan taru. Dattijon da gonarsa take ƙarƙashin ruwa ya san wannan duka, ya san sunan kowace fadama da kowane mashigi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka zauna da irin waɗannan dattawa da tsohon hoton sama a gabansu, suka nuna suka faɗi suna, to, an mayar wa taswira da harshenta. Taswirar da aka rubuta da lambobi kawai, masunci ba zai karɓe ta ba. Wadda take cewa ga gurbin wane, ga tsamiyar wance, ita ce za a yi magana da ita a bakin ruwa.

7.0 Wa Zai Riƙe Ta?

Akwai wata tambaya da tarihi ya tilasta mana. A tsarin da, sanin gurbi da ikon hana shigarsa a hannu ɗaya suke. Idan aka buga taswira aka watsa ta ga kowa ba tare da wannan iko ba, an nuna wa mai taru mai ƙananan idanu da mai zuba guba inda kifi yake fakewa da rani ke nan, a kwashe uwa da 'ya'ya cikin shekara biyu. A Kainji ma sai da aka dawo ga sarakunan ruwa da masu unguwanni, a cikin shirin haɗin gwiwa da ƙasar Jamus na shekarun 1990, kafin dokar lasisi da hana jan tarun gaɓa ta fara aiki. Saboda haka ya kamata a raba abin gida biyu. Abin da ya shafi rai, watau mashigai da ramuka da kututturai, a kafa shi a allo a kowane bakin fito, da boko da ajami, a sa alama a kan ruwa. Abin da ya shafi maɓoyar kifi kuwa, a damƙa shi ga Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta, ya zama shi ne tushen keɓe guraben da ba a taɓawa sai ranar da aka yarda.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa a ƙasar Boɗinga da Shagari sanin zurfin ruwa ya daɗe yana cikin sanin ƙasa, domin ruwan yakan tafi ya bar ƙasansa a fili. Mun ga cewa waɗanda suka zo da takarda da lamba sun auna abin da ya dame su ne, hanyar jirgi da iyaka da noman rani. Mun kuma ga cewa madatsa ta haifar da ruwan da ba na gado ba, a tsakiyar mutanen da dole su ci abinci a cikinsa su kuma ƙetare shi.

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen tarihi da na labarin ƙasa da na nazarin kifi da na harsunan Nijeriya, Shagari kuwa ba ta kai tafiyar awa biyu daga harabarta ba. Ɗalibai kaɗan, da rani guda, da kwalekwale ɗaya, sun isa su auna ruwan. Hotunan taurari suna nan ba za su gudu ba, takardun ofis ma in an adana su za su jira. Dattawan da suka san sunayen gonakin da suke ƙarƙashin ruwa su ne ba za su jira ba, don haka da su ya kamata a fara.